Kayan Aikin Masu Tsara Fuskar Kwamfuta: Shawara Ga Ofisoshi Kafin Su Saya

A 'yan shekarun nan wata sabuwar takarda ta fara zuwa teburin akawuna da ma'aji a ofisoshi, watau takardar neman a saya wa ma'aikaci kwamfuta da manhajar zane. Galibi mai neman matashi ne, kuɗin da ya rubuta kuwa ya kan kai albashin wani na watanni, sa'an nan ga baƙin sunaye waɗanda akawu bai taɓa jin su ba. Sai a rasa yadda za a yi. Wani shugaba ya kan sa hannu nan take don kada a ce bai waye ba, wani kuwa ya kan ture takardar gefe, yana zaton abin wasa yaron ya ke so. Duka biyu kuskure ne, kuma dukiyar jama'a ce ke shan asararsa. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayanin wannan sana'a, da tarihin kayan aikinta, da abin da ya wajaba a bincika kafin a fitar da ko kwabo.

Wane Ne Mai Tsara Mu'amala?

Duk wanda ya taɓa cirar kuɗi a na'urar banki, ko ya aika da kuɗi ta waya, ko ya raka ɗansa rajistar jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta ɗungum a shekarar 2015, to ya riga ya gamu da aikin wannan ma'aikaci. Shi ne ya ke shirya abin da mutum zai gani a fuskar na'ura: inda maɓalli zai zauna, da tambayar da za ta fara zuwa, da abin da na'ura za ta faɗa in mutum ya yi kuskure. Matsayinsa kamar na mai zanen gida ne, masu rubuta manhaja kuwa su ne magina. In ya kyautata, tsoho mai ƙaramin karatu ya kan gama cika fom ba tare da ya nemi taimako ba. In ya ɓata, sai ka ga malami mai digiri ya yini a gaban allo yana zufa, albashinsa kuma ya makale.

Asalin sunan sana'ar ba shi da nisa. Wani Bature mutumin Ingila, Bill Moggridge, shi ya zana siffar wata kwamfuta mai suna GRiD Compass, wadda ta fito a 1982, tana cikin na farkon kwamfutocin da a ke ninkewa kamar littafi. Sa'ad da ya zauna yana aiki da ita, sai ya lura hankalinsa ya bar akwatin da ya sha wahalar zanawa, ya koma kan abin da ke gudana a cikin allon. Daga nan ya gane lalle wannan ma aiki ne mai neman gwani. Shi da abokin aikinsa Bill Verplank suka ba sana'ar suna a tsakiyar shekarun 1980, sunan da ma'anarsa ita ce tsara mu'amala tsakanin mutum da na'ura.

Yadda Manhajoji Suka Yi Ta Mutuwa

Wanda ya ke so ya yi zaɓe nagari sai ya fara duba abin da ya sami waɗanda suka riga shi zaɓe, domin tarihin kayan wannan sana'a gajere ne, amma yana cike da gargaɗi.

Da fari masu zane sun dogara ga Photoshop ne, na kamfanin Adobe a Amurka, wanda ya fito a 1990. Don gyaran hoto aka yi shi, saboda haka zanen fuskar manhaja da shi ya zama kamar noma da gatari. Akwai kuma Fireworks, wanda kamfanin Macromedia ya fitar a 1998 musamman don zanen shafukan intanet, ya koma hannun Adobe sa'ad da ya sayi Macromedia a 2005. Mutane da yawa sun ƙware a kansa, sun tara ayyukan shekaru a cikinsa. A watan Mayu 2013 sai Adobe ya sanar ya daina ci gaba da gina shi. A wannan watan ne kuma kamfanin ya ce sababbin manhajojinsa ba za a ƙara sayar da su sau ɗaya mutum ya mallaka ba, sai dai a riƙa biyan haya wata wata ko shekara shekara.

Kafin wannan, a 2010, wani ƙaramin kamfani a ƙasar Holan ya fitar da Sketch, manhaja mara nauyi wadda ta dace da zanen fuskar waya da kwamfuta. Masu sana'a suka yi ca a kanta. Amma tana da sharaɗi guda, ba a zane da ita sai a kan kwamfutar Mac ta kamfanin Apple, har yau kuwa haka ta ke. Ofisoshi da dama suka sayi Mac masu tsada domin ta kaɗai. Tare da ita a kan yi amfani da InVision, wanda aka kafa a 2011, inda a ke ɗora zane a haɗa shi ya zama samfur, mutum ya danna ya ga yadda abin zai yi aiki tun ba a gina shi ba. A 2018 an ƙimanta darajar wannan kamfani kusan dala biliyan 2.

Sai ga Figma. Waɗansu samari biyu, Dylan Field da Evan Wallace, suka kafa kamfanin a 2012, suka buɗe manhajar ga jama'a a watan Satumba 2016. Abin da suka zo da shi biyu ne. Na ɗaya, tana aiki a cikin burauza, watau manhajar da a ke buɗe shafukan intanet da ita, saboda haka mai Mac da mai Windows duk sun zama ɗaya. Na biyu, mutum biyar ko goma suna iya shiga zane guda a lokaci guda, kowa yana ganin hannun ɗan'uwansa, an huta da aika fayil ana tambayar wanne ne na ƙarshe. Cikin 'yan shekaru ta janye yawancin masu sana'ar.

Adobe ya fitar da tasa kishiyar, mai suna Adobe XD, a 2016, amma ba ta kamo Figma ba. A watan Satumba 2022 sai ya sanar zai sayi Figma a kan kimanin dala biliyan 20. Hukumomin da ke hana babakere a kasuwa, na Ingila da na Tarayyar Turai, suka nuna ba su gamsu ba, har a watan Disamba 2023 aka fasa cinikin, Adobe ya biya Figma dala biliyan 1 ladan fasawa. A cikin 2023 ɗin nan kuma aka daina ƙara wa XD sabon abu, aka daina sayar da ita ita kaɗai. Shi kuwa InVision, a watan Janairu 2024 ya sanar zai rufe ayyukansa na zane a ƙarshen shekarar, ya kuwa rufe.

To, jama'a, ku ƙidaya. Daga 2013 zuwa 2024, shekara 11 ke nan, manhajoji uku manya sun kwanta, kowace kuwa a zamaninta an yi zaton ba ta da ranar tafiya. Ofishin da ya horar da ma'aikatansa a kansu, ya zuba ayyukansa a cikinsu, tilas ya sake horo, ya sake kwashe kaya, abin da bai kwasu ba kuma ya sake zana shi daga farko. Ba mu ce Figma za ta bi su gobe ba, kamfani ne mai ƙarfi, har ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a watan Yuli 2025. Abin da mu ke cewa shi ne, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk manhajar da za a shiga, a duba ƙofar fitarta tun daga ranar farko.

Tambayoyi Huɗu Game Da Manhaja

Tambaya ta fari: in muka bar ta, da me za mu fita? Kowace manhaja tana da irin fayil nata wanda wata ba lalle ta iya buɗe shi ba. Sai a tabbata tana iya fitar da zane a irin fayilolin da kowa ke karantawa, kamar SVG da PDF da PNG, kuma a sa doka a ofis cewa duk ƙarshen aiki za a fitar da kwafi a ajiye a rumbun ofis. Figma tana barin mutum ya sauke kwafin aikinsa, tana kuma karɓar fayilolin Sketch. Akwai kuma Penpot, ta wani kamfani mai suna Kaleidos a Madrid ta ƙasar Sifen, wadda rubutun gininta a buɗe ya ke ga kowa, har ofis yana iya kafa ta a kan babbar kwamfutarsa, ayyukansa su zauna a gida. Amma wannan yana bukatar ma'aikaci wanda ya iya kula da ita, in babu shi kuwa an sayi wahala ne da sunan 'yanci.

Ta biyu: nawa za ta ci a shekara uku? Kuɗin haya da dala a ke yanka shi, a kan kowane ma'aikaci. Akawun da ya yi lissafi a farkon 2023, sa'ad da dala ta ke wajen naira 460 a farashin hukuma, ya ga abin mamaki bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar, domin kafin ƙarshen Fabrairu 2024 dala ta haura naira 1,500. Haya ba ta canja ba a takardar kamfani, amma a littafin ma'aji ta ninka sau uku. Saboda haka a lissafta da rara, kuma a rarrabe masu zane da masu dubawa kawai. Shugaba da mai rubuta rahoto galibi kallo da sharhi su ke yi, ba su bukatar kujera mai cikakken kuɗi.

Ta uku: in intanet ya ɗauke, aiki zai tsaya? Manhajar da ke cikin burauza tana rayuwa da intanet kamar kifi da ruwa. A garin da layi ke da ƙarfi wannan ba damuwa ba ne, amma a inda ya kan yanke rabin yini, lalle ne a sa kuɗin layi na biyu a cikin lissafi, ko a zaɓi manhajar da ke zaune a cikin kwamfutar kanta.

Ta huɗu: wa ke riƙe da mabuɗi? Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. A watan Oktoba 2019 Adobe ya sanar da mutanen ƙasar Benezuwela zai rufe asusunsu duka saboda wani umurnin gwamnatin Amurka, ba don sun ƙi biya ba. Daga baya an sami izini aka janye, amma kwanakin nan sun isa su nuna wa kowa cewa mai haya yana ƙarƙashin hukuncin da ba shi da baki a ciki. Akwai kuma hatsari na kusa da gida wanda ya fi wannan yawan aukuwa. Mun ga wani ofis inda aka bar ma'aikaci ya buɗe asusun manhaja da adireshinsa na kansa. Da aka yi masa canjin wurin aiki, sai zanen shekara biyu ya bi shi, aka yi ta rubuta masa takardu ana roƙo. Ba mugunta ya yi ba, sakacin ofis ne. Asusu da sunan ofis a ke buɗe shi, mabuɗinsa kuma ya kasance a hannun mutum biyu.

Ita Kwamfutar Fa?

Ƙa'idar a nan ita ce, a fara zaɓen manhaja sa'an nan a zaɓi kwamfutar da za ta ɗauke ta. Wanda ya juya wannan ya sayi sirdi bai ga doki ba. In an tsaya a kan Sketch, Mac ta zama tilas. Haka kuma in ofis yana gina manhajar wayar iPhone, masu ginin suna bukatar Mac, domin Xcode, kayan aikin da Apple ya tanada don wannan, a kanta kaɗai ya ke gudana. In kuwa Figma ce ko Penpot, kwamfutar Windows mai kyau ta wadatar, kuma a yawancin garuruwanmu an fi samun mai gyaranta da kayan gyaranta a kusa.

Abu uku ne ba a tsuke hannu a kansu. Na farko ƙwaƙwalwar aiki, inda kwamfuta ke riƙe abin da ta ke sarrafawa a lokacin. Mai zane ya kan buɗe zane mai shafi ɗari, ga burauza, ga taron bidiyo, duk a lokaci guda. Shawararmu kada ta gaza gigabayit 16. A lura kuma, kwamfutocin Mac masu sabon inji na Apple, waɗanda suka fara da M1 a watan Nuwamba 2020, ba a iya ƙara musu ƙwaƙwalwa bayan an saya, haka ma waɗansu siraran kwamfutocin Windows. Abin da aka saya ran farko da shi za a zauna. Na biyu allo. Mutumin da zai yini yana duban ƙananan haruffa da layuka yana bukatar babban allo na tebur, mai inci 24 ko 27, ban da na kwamfutar hannunsa. Kuɗinsa kaɗan ne in an gwada da ciwon ido da jinkirin aiki. Na uku batir da abin kare na'ura daga hauhawar wuta, domin inda lantarki ke zuwa yana komawa, kwamfutar tebur mara ajiyar wuta takan hallaka aikin sa'a guda cikin ƙiftawar ido.

Game da kwamfutoci na hannu, watau waɗanda aka yi amfani da su a waje aka kawo, ba mu hana ba, amma akwai abin dubawa. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa ba ta yarda da tsofaffin injuna da yawa, tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Kwamfutar da ba ta iya hawa Windows 11, ko da jikinta yana ƙyalli, kwanakinta a ofis ƙidayayyu ne. Araha ba ta ado.

Kayan Aikin Da A Ke Mantawa

Akwai abu guda wanda kusan ba ya shiga takardar saye, ga shi kuwa shi ne mafi araha, watau wayar gwaji. Mai zane yana zaune a ofis mai sanyi, gaban allo mai faɗi da haske, amma wanda a ke yi wa aikin yana tsaye a rana a bakin kasuwa, da ƙaramar waya irin su Itel da Tecno da Infinix, allonta ya tsage, layinta yana rarrafe. Rubutu mai launin toka wanda ya yi kyau a ofis ba ya karantuwa a can, maɓallin da linzami ke samu cikin sauƙi babban yatsa ba ya samunsa. Ofishin da ya sayi kwamfutar miliyoyi bai sayi irin wayar da jama'arsa ke riƙewa ba, bai gama sayayya ba.

Haka nan in aikin da Hausa za a yi shi, a gwada haruffa tun kafin a zaɓi salon rubutu. Salo da yawa masu kyan gani ba su da ɓ da ɗ da ƙ, balle ƴ da a ke rubutawa a Nijar. In babu su, na'ura ta kan aro harafin daga wani salo ya fito a karkace, ko ta sa ɗan akwati a gurbinsa, ko kuma ma'aikaci ya gaji ya zubar da ƙugiyar, sai ƙafa ta zama kafa, ɓata ta zama bata. Salon Noto na kamfanin Google, da Andika da Charis na ƙungiyar SIL, duk suna da waɗannan haruffa, kuma kyauta ne.

Sa'an nan a ware ɗan kuɗi da lokaci don gwaji da mutane. Wani masanin wannan fanni, Jakob Nielsen, ya nuna a shekarar 2000 cewa in aka zaunar da mutum biyar kawai, ɗaya bayan ɗaya, aka kalli yadda su ke fama da zane, za a gano mafi yawan matsalolinsa. Masinja da mai gadi da malamin firamare da 'yar kasuwa sun isa su tona kuskuren da manhaja mafi tsada ba za ta gani ba.

Wa Zai Yanke Shawara?

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, saboda haka ba daidai ba ne a zaɓa wa mai zane kayan aiki ba a tambaye shi ba. Amma kuma ba daidai ba ne a bar masa zaɓen shi kaɗai, domin kowa ya kan so abin da ya saba da shi. Hanyar da muka ga ta fi ita ce a zaunar da mutum huɗu: mai zane, da mai rubuta manhaja wanda zai karɓi zanen ya gina, da mai kula da kwamfutocin ofis, da akawun kuɗi. A ɗauki wani ƙaramin aiki na gaske, kamar fom ɗin neman hutu, a yi shi da manhaja biyu cikin mako biyu, tun da ya ke yawancinsu suna ba da damar gwaji kyauta. A rubuta abin da aka gani, da dalilin zaɓe, a sa a fayil. Bayan shekara biyu a ɗauko takardar a sake dubawa. Wanda ya gaji kujerar zai gode, domin zai san abin da ya sa aka yi abin da aka yi.

Ga malamai kuwa muna da kalma ta musamman, domin ku ne yara ke tambaya wace manhaja za su koya su sami aiki. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa a fara shirya darasi kafin a ɗauki alli, to wannan sana'a ma haka ta ke. Yaron da ya iya zama da mutum ya saurari bukatarsa, ya zana matakan aiki a takarda da fensir, ya rubuta umurni gajere da Hausa mai kyau, zai koyi kowace manhaja cikin 'yan makonni. Wanda kuwa maɓallan manhaja ɗaya kaɗai ya haddace, ranar da aka rufe ta shi ma an rufe shi. Masu Fireworks da suka san sana'ar sun koma Sketch, daga can suka koma Figma, ba su rasa abinci ba.

Saboda haka in takardar nan ta iso teburinku, kada ku yi gaggawar sa hannu, kada kuma ku ture ta. Ku kira mai ita ku tambaye shi aikin da zai yi, da mutanen da zai yi wa, da kuɗin shekara uku, da inda ayyukan za su koma in kamfanin ya rufe ko shi ya bar ofis. In ya amsa waɗannan da kyau, a saya masa nagari ba tare da ƙyashi ba, gama sayen nagari mayar da kuɗi gida ne. In ya kasa, a ba shi mako guda ya je ya bincika ya dawo. Allah ya sa mu riƙe amanar dukiyar jama'a, amin.